Busra Da Shahba: Inda Kwabon Tagulla Ke Ba Da Labarin Sarakunan Rum

Wanda ya fita daga birnin Dimashƙa ya yi kudu, ya bi hanyar nan da ayarin mahajjatan Sham ya yi ɗaruruwan shekaru yana bi, ba zai yi nisa ba zai ga ƙasa ta sake kama. Lambunan da ke gefen birni za su ƙare, sai fili fetal iyakar ganin ido, jar ƙasa mai albarkar noma, ga kuma baƙaƙen duwatsu barbaje ko'ina kamar an yi ruwansu. Wannan ita ce ƙasar Hauran, wadda tun zamanin da ta zama rumbun alkamar Sham. Duwatsun nan kuwa aman tsaunuka masu wuta ne da suka daɗe da mutuwa. Da yake itace ya yi wa ƙasar ƙaranci, da dutsen nan mutanen da suka yi kome nasu, bango da rufi da ginshiƙi, har ƙyauren ƙofa ma akan sami na dutse.

Bayan tafiyar kimanin mil 87 sai a iso Busra. Kada mai karatu ya rikita ta da Basra ta ƙasar Iraƙi. Wannan Busra ta Sham ce, wadda duk almajirin da ya karanta Sira ya san sunanta. Nan ne aka ce Bahira, malamin Kirista, ya ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) yana yaro cikin ayarin fatake tare da baffansa Abu Ɗalib, kuma akwai kangon wani gini a garin da ake jingina wa malamin. Ta hannun mai Busra ne aka isar da wasiƙar Annabi zuwa ga Hiraƙla Sarkin Rum. Malam Ibn Kasir mai tafsiri ma a wani ƙauye na ƙasar Busra aka haife shi.

Abin da baƙo zai fara gani shi ne wani ƙasurgumin sansani mai baƙaƙen hasumiyoyi, wanda sarakunan zuriyar Salahuddini suka ƙarasa gininsa a ƙarni na 13. Sai ya haye gada, ya kutsa cikin waɗansu zauruka masu duhu, ya yi ta hawan matakala bai san inda ya nufa ba, can sai haske ya buɗe masa, ya ga ashe yana cikin dandalin wasan Rumawa ne, mai ɗaukar 'yan kallo wajen 15,000. A ƙarni na 2 aka gina shi, sansanin kuwa kewaye shi aka yi da shi kamar kube da wuƙa, shi ya sa ya tsira daga masu kwasar duwatsu. Daga saman matakalar ana hango garin duka: babbar hanya mai ginshiƙai, da Masallacin Umar, da Masallacin Mabrakun Naƙa, da kuma makeken tafkin da aka gina da dutse don shayar da ayarin mahajjata.

To, amma akwai wata shaida da ta fi waɗannan gine-gine baki, ko da yake ta fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ita ce kwabon tagulla da garin ya buga wa kansa. Wani bai wuce anini ba, wani ya ɗara inci guda faɗi, yawancinsu sun yi tsanwa ko sun yi baƙi don daɗewa a ƙasa. Dandali yana nuna cewa garin ya taɓa yin arziki, amma ba ya faɗin wa ke mulki, ko me mutanen garin ke tinƙaho da shi. Kwabo yana faɗin duka biyu, don kuwa fuska biyu gare shi.

Kafin Rumawa, Busra ta Nabatawa ce, Larabawan nan fatake masu turare da kayan ƙanshi, waɗanda suka sassaƙa birnin Batra a cikin dutse, mulkinsu kuma ya kai har Mada'in Salih a ƙasar Hijaz. Sarkinsu na ƙarshe, Rabbil na Biyu, ya karkato da fadarsa wajen Busra. A shekara ta 106 Miladiyya sai Sarkin Rum Tarajan ya aiko da hakiminsa na Sham ya haɗe ƙasar, aka raɗa mata suna lardin Arabiya, aka girke runduna guda a Busra, aka kuma shimfiɗa hanya daga nan har gaɓar Bahar Maliya a Aƙaba, tafiyar fiye da mil 250. Daga wannan shekara lardin ya fara sabon lissafin shekaru, kuma mutane ba su daina ƙirga da shi ba har bayan zuwan Musulunci.

Kuɗin da Tarajan ya buga don tunawa da wannan al'amari abin lura ne. Sa'ad da Rumawa suka murƙushe Yahudawa a shekara ta 70, sun buga kuɗi da hoton mace tana makoki a gindin dabino, suka rubuta cewa an kame ƙasar. Ga Arabiya kuwa sai suka yi mace a tsaye, riƙe da reshe, ga raƙumi a gefenta, suka rubuta cewa an samu ƙasar. Kalma ɗaya ce ta bambanta, amma tana nuna cewa abin bai zo da babban yaƙi ba, ko kuma dai haka Rumawa suka so a ɗauka. Waɗansu daga cikin kuɗin azurfar da aka buga wa sabon lardin a kan tsofaffin kuɗin Nabatawa aka buga su, har in an duba da kyau akan ga burbushin tsohon zane a ƙarƙashin kan sabon sarki.

Zinariya ta sarki ce, azurfa ma yawancinta haka. Abin da aka bar wa garuruwa shi ne tagulla, watau canji. Albashin soja da haraji da dinari ake lissafinsu, kuma dinarin Rumawa na wancan zamani na azurfa ne. Sunansa ne Larabawa suka ara suka ɗora wa na zinariya, har ya iso bakin Hausawa. Sojan da ya karɓi dinarinsa ba zai sayi gurasa ko ya shiga gidan wanka da shi ba sai ya biya wajen ɗan canji. Wani rubutu da aka samu a birnin Fargamon, a ƙasar Turkiyya ta yau, ya nuna 'yan canji suna sayen dinari a kan kwabo 17 su sayar a kan 18, hukumar gari kuma tana da rabonta cikin ribar. Saboda haka bugun tagulla sana'a ce mai kawo wa gari kuɗin shiga, ban da alfaharin a ce gari yana da kuɗinsa. Garuruwa fiye da 500 ne suka yi haka a daular Rum, galibinsu a gabas, don na yamma sun daina tun tsakiyar ƙarni na farko.

Aikin ba shi da wuya a faɗa. Maƙeri ya ɗora guntun tagulla tsakanin hatimi biyu, ya sauke guduma. Hatimin gaba yana ɗauke da kan sarki da sunansa da laƙabinsa, na baya kuwa abin da dattawan gari suka zaɓa. Hausawa ba baƙin wannan tsari ba ne, tun da su suka raɗa wa takardar da ake manna wa wasiƙa suna kan sarki, kuma tsofaffi ba su manta da sulen zamanin Turawa ba, mai kan Sarki Joji a gaba da itacen kwakwa a baya.

Tun zamanin Hadiriyan akwai waɗansu kwabbai masu sunan lardin Arabiya da masana ke jingina wa Busra, amma kuɗin da ke ɗauke da sunan garin kansa ya kankama ne a zamanin Antoninus Fiyus, wanda ya yi mulki daga 138 zuwa 161. Wannan sarki cikin shekaru 23 da ya yi a kan gado bai taɓa fita daga Italiya ba. Ke nan ba manomin Hauran ko mai raƙumin da ya taɓa sa shi a ido, in ba wanda ya niƙi gari ya tafi can ba. Duk da haka kowa ya san yana da gemu, ya san hancinsa, ya san kambin ganyen da ke kansa, don kullum yana cikin tafin hannu. Matarsa Faustina ma bayan ta rasu an buga kanta a kwabon Busra. Haka aka bi da Markus Oreliyus da ɗansa Komodus, har zuwa gidan Saberus, wanda matansa 'yan birnin Hims ne a nan Sham. Mai sassaƙa hatimi shi ma bai ga sarkin ba, daga gunki ko daga wani kuɗin yake kwafa, kuma gaskiya ba kullum yake dacewa ba. Wani sa'in sarki ya fito da wuya kamar na zalɓe, wani sa'in baƙaƙen rubutu su cakuɗe.

A bayan kwabon ne Busra ke maganar kanta. Wanda ya fi yawan fitowa shi ne hoton wata mace mai kambi irin siffar ganuwar gari, wadda arnan wancan zamani suka ɗauka ita ce sa'ar garin. Akwai raƙumi, dabbar da ta kawo wa garin arziki. Akwai wani gunki mai ƙahon rago da ake kira Amon, wanda ba ɗan ƙasa ba ne, sojojin rundunar nan ne suka zo da shi daga Masar. Sai kuma Zush-Shara, babban abin bautar Nabatawa, wanda Ibn Kalbi ya ambaci sunansa cikin gumakan Larabawan Jahiliyya. A wani kwabo na Komodus an yi shi da siffar saurayi mai gashi, irin yadda Girkawa ke yin nasu. A waɗansu na baya kuwa sai aka koma wa asali: dakali mai matakala, da duwatsu uku a tsaye a kansa, ba ido ba baki. Shekaru ɗari da ɗoriya bayan an kawar da sarautar Nabatawa, ga gunkinsu nan yana raba kwabo ɗaya da Sarkin Rum, kowa da gefensa.

A zamanin Iskandar Saberus, tsakanin 222 da 235, aka ɗaga garin zuwa matsayin mazaunin Rumawa. Nan da nan rubutun kwabo ya tashi daga Girkanci ya koma Latin, aka kuma buga hoton mutum yana huɗa da shanu biyu, don a al'adar Rumawa da garma ake shata iyakar sabon birni. Abin dariya ne kaɗan, garin da ya riga daular kanta zuwa wurin a ce yau ake shata shi. Talakawan kuwa da Aramiyanci da Larabci suke cinikinsu, don haka ko Girkanci ko Latin duk ɗaya ne wajen yawancinsu. Hoton suke karantawa.

Wanda ke son ya ga inda labarin ya yi wani juyi sai ya bar Busra ya yi arewa maso gabas, ya haura tsaunin Duruz, ya ratsa Suwaida, tafiyar kimanin mil 30, ya sauka Shahba. Ƙaramin gari ne a gefen wani dajin baƙin dutse da ake kira Laja, ga tsibirin tsohon aman wuta a tsaye a kansa. Hanyoyi biyu ne suka gitta juna a tsakiyarsa, kowace ta nufi ƙofar ganuwa, kuma a wani sashe daɓen dutsen Rumawa yana nan ana takawa. Akwai ɗan dandalin wasa, da kangon gidajen wanka da suka fi ƙarfin garin, da wani gini mai kusurwa huɗu da aka yi don girmama gida ɗaya tak. Akwai kuma daɓen gidaje na ƙananan duwatsu masu launi, waɗanda ke cikin mafiya kyau da aka samu a Sham. Manyan gine-ginen garin a lokaci ɗaya aka fara su, a lokaci ɗaya kuma aka ajiye aikin.

A nan aka haifi Filib, wanda tarihi ke kira Filib Balarabe, wajen shekara ta 204, sa'ad da Shahba ƙauye ce kawai. Ya tashi cikin aikin daula har ya zama shugaban dogaran Sarki Gordiyan na Uku, wani saurayi da bai cika shekara ashirin ba. A shekara ta 244 suna yaƙi da Farisa a ƙasar Iraƙi Gordiyan ya mutu. Farisawa suka ce a fagen fama ya faɗi, marubutan Rum kuwa suka ce da hannun Filib a ciki. Ko ma dai yaya ne, sojoji suka naɗa Filib, shi kuma ya yi maza ya nemi sulhu. Sarki Sabur na Farisa ya sa aka rubuta cewa an biya shi dinari 500,000, ya kuma sa aka sassaƙa Filib a jikin dutse yana durƙushe gaban dokinsa, hoton yana nan a Naƙshi Rustam a ƙasar Iran.

Sai ga shi ɗan Hauran ya tashi daga bayan kwabo ya koma gabansa. Bai kuwa manta da gida ba. Ya ba Busra laƙabin uwar birane, kuma kwabbanta na zamaninsa suna ɗauke da laƙabin, tare da sunan gasar wasanni da ake yi don Zush-Shara. Ƙauyensu kuwa sai ya mai da shi birni sukutum, ya raɗa masa Filibobolis, watau birnin Filib, ya kuma ba shi kuɗinsa na tagulla. Masana da suka gwada aikin hatimin sun gano a Antakiya, can arewa, aka buga kuɗin aka kawo, don sabon birnin bai kai ga mallakar maƙerar kuɗi ba. An buga kan Filib, da na matarsa Otasiliya, da na ɗansu Filib ƙarami.

Akwai kuma na huɗu, shi ne mafi ban mamaki cikinsu duka. Wani dattijo ne ba kambi a kansa, gaggafa ta buɗe fikafikai tana ɗauke da shi, aka rubuta da Girkanci cewa wannan Marinus ne abin bauta. Marinus uban Filib ne. Bai taɓa yin sarauta ba, kuma wani marubucin Rum na baya ya kira shi shugaban 'yan fashi, ko da yake masana na yau sun fi ganin ƙazafi ne, mutumin babba ne a ƙasarsu. Sarkin da bai gaji sarauta ba yana bukatar asali, to Filib sai ya ƙera wa kansa ɗaya da tagulla. A birnin Rum ba a buga wa Marinus kuɗi ba, abin na gida ne, don idon waɗanda suka san tsohon yana raye. Me suka ce a zuci sa'ad da aka miƙo musu canji da kansa a matsayin abin bauta, wannan sai mai karatu ya ƙiyasta. Kwabon nan kuma yana da amfani wajen wata tsohuwar gardama, don Yusabiyus, marubucin tarihin coci, ya kawo labarin cewa Filib Kirista ne. Da wuya a ce wanda ya mai da ubansa abin bauta ya bar addinin kakanninsa.

A shekara ta 248 Filib ya shugabanci bikin cikar birnin Rum shekara 1,000 da kafuwa. Shekara guda bayan haka sojojin bakin kogin Danub suka naɗa jagoransu Desiyus, aka gwabza kusa da Barona a Italiya, aka kashe Filib, aka kuma bi ɗansa da shi. Magina suka watse daga Shahba, kuɗinta ya tsaya, duka-duka bai wuce shekara biyar ana bugawa ba. Busra kuwa ba ta yi takaba ba. Kwabonta na gaba kan Desiyus ne a jiki, da na 'ya'yansa, a baya kuma ga laƙabin uwar birane da Filib ya ba ta, ga duwatsun Zush-Shara uku a kan dakalinsu. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake, kuma hatimin gaba kaɗai ake bukatar a sauya.

Amma waɗannan su ne na ƙarshe. Desiyus ya mutu a yaƙi a 251, Busra ba ta sake buga kuɗi da kan wani Sarkin Rum ba. Ba doka ce ta hana ba, lissafi ne. Sarakuna sun yi ta rage azurfar da ke cikin kuɗinsu don su biya sojoji: babban kuɗin azurfa da aka fito da shi a 215 rabinsa azurfa ne, amma kafin 270 abin da ya rage a ciki bai kai kashi biyar cikin ɗari ba. Da kuɗin sarki ya zama tagulla mai shafen azurfa, sai ƙarfen da ke cikin babban kwabon gari ya fi abin da kwabon zai saya daraja, ba kuwa garin da zai yi ta bugawa yana faɗuwa. Ɗaya bayan ɗaya suka rufe maƙera. Kafin 276 duk sun daina, sai Iskandariyya ta Masar da ta jure har ƙarshen ƙarnin. A Busra kuwa wajen 270 mayaƙan Sarauniya Zanubiya ta Tadmur suka auka wa garin suka rushe ɗakin gunkin nan mai ƙahon rago. Khalid bin Walid ya karɓi garin a 634, kuma a ƙarshen wannan ƙarni Halifa Abdulmalik bin Marwan ya fitar da kuɗin da ba hoton kowa a jiki, sai rubutu.

Zamaninmu ma bai raga wa garin ba. Hukumar UNESCO ta sa Busra cikin wuraren tarihi na duniya a 1980, a 2013 kuma ta mai da ita cikin waɗanda ke cikin haɗari. Boren da ya zama yaƙin basasar Siriya a Dar'a ya faro a Maris na 2011, mil 25 kacal yamma da Busra. 'Yan tawaye suka kama garin a Maris na 2015, a Disamba na shekarar kuma bama-bamai suka lalata wani sashe na sansanin da ke kewaye da dandalin. Gwamnati ta komo a 2018, ita kanta ta faɗi a Disamba na 2024. Cikin waɗannan shekaru yunwa da rashin hukuma suka sa aka yi ta haƙar kufai a sassan ƙasar, har Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya haramta cinikin kayan tarihin Siriya a Fabrairu na 2015. Kwabo ya fi kome sauƙin fita, don aljihu ma ya ishe shi. Asarar kuwa ba ta tsaya ga Siriya ba. Masanan Ingila da Faransa tun 1992 suke fitar da kundin kuɗin lardunan Rum juzu'i bayan juzu'i, amma kwabon da aka tono da dare aka sayar a wata ƙasa, ko ya shiga kundin, ba wanda zai san a wane rami aka same shi, ko da waɗanne kwabbai yake kwance, alhali da haka ne ake gane iyakar inda kuɗin gari ke tafiya da tsawon zamanin da aka yi ana karɓarsa.

Filib dai ya sake hawa kuɗi sau ɗaya bayan shekaru fiye da 1,700. Takardar lira 100 ta Siriya mai ɗauke da shekarar 1998 tana da hoton kansa, ga dandalin Busra a gefensa. Kafin yaƙi, sa'ad da dala ɗaya take wajen lira 47, takardar ta ɗara dala biyu. Zuwa ƙarshen 2024 dala ta haura lira 13,000, takardar kuwa ba ta kai ko santi ɗaya ba.